Alluna Takwas a Tarago Mai Lamba 27

Asabar, 9 ga Satumba, 2023

Nour ce ta aiko mini da wannan littafi tun bara, bayan rasuwar uwarta, wai in riƙa rubuta abin da ke raina tunda ba na faɗa. 'Yata ke nan, ita kaɗai gare ni, tana Bobigny, gefen Paris, da mijinta. Shekara guda littafin yana kan firij. Yau na ɗauko shi don in rubuta awon wani katako, sai hannu ya zarce.

To, ga abin da ke raina: yau an yabe ni.

Wata biyar ke nan ina zuwa rumfar ƙungiyar nan ta masu gyaran tsofaffin taragun jirgin ƙasa, tafiyar awa guda daga Rillieux, inda nake zaune kusa da Lyon. Talata da Asabar. Ba aikin albashi ba ne, tsofaffi ne irina da gida ya ishe su. Nassim ne ya ja ni can. A masallaci muka saba, tsohon ma'aikacin jirgi ne, iyayensa mutanen Aljeriya. Ni ina ce masa Alhaji, shi yana ce mini Ilyas, ya kasa tsayawa a Ilya. Shi ke ɗaukata a motarsa, shi kuma ke riƙe da mabuɗin rumfar.

Taragon da muke kai na katako ne, mai lamba 27, an yi shi a 1908. Ana so ya hau layin dogo da fasinja a watan Mayu. Madam Sofia, wadda ke shugabantar aikin, ta duba ƙafar bencin da na sake, ta nemi inda na haɗa ta rasa. Ta kira sauran su zo su gani. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da share ƙura.

Shekara talatin na yi a ƙasar nan ina haɗa tagogin roba a masana'anta. Roba! Ni da na tashi a rumfar Baba a Damagaram, inda ake kawo ƙofa daga Mirriya don dai a ce shi ya taɓa ta. Ashe hannun bai mutu ba. Da Mero, uwar Nour, tana nan da na faɗa mata, ta ce in rage fankama.

Talata, 19 ga Satumba

Ni kaɗai a cikin 27 yau. Madam Sofia ta tafi taro a Lyon, Alhaji yana waje da masu duba dogo.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai. Bangon ciki na taragon alluna ne na wani katako mai duhu, kowane allo zaune cikin kwarmin mariƙinsa, an rufe bakin da siririyar sanda. Na hagu guda takwas, duk na asali. In ka dafa su sai su motsa. In ka ƙwanƙwasa sai su yi ƙara. Na cire sanda ɗaya na leƙa: tazara ta ko'ina, har farce yana shiga.

Na ji wa mutumin kunya. Duk wanda ya yi taragon nan gwani ne, ana gani a ko'ina, amma a nan ya yi sakaci, ko kuwa ranar ba shi da lafiya. A wurin Baba, in reza ta shiga tsakanin katako biyu, a gabanka zai farfasa aikin. Kuma shi ya koya mini cewa in ka tarar da kuskuren wani kafinta, ka gyara ka yi shiru. Ba a kiran mutane su zo su ga inda ɗan'uwan sana'a ya gaza, balle wanda ya mutu ba ya iya kare kansa.

Na fere siraran katako na cusa a kowace tazara, na bi da gam mai ƙarfi, na mayar da sandunan yadda suke. Takwas ɗin duka. Na yi azahar a makare. Yanzu ko naushi ka kai musu ba sa cewa uffan.

Na rufa masa asiri. Allah ya sa wani ya rufa nawa.

Asabar, 23 ga Satumba

Ba wanda ya lura. Haka nake so. An fara shafa wa cikin taragon man sheƙi, barni, kashi na farko cikin biyar.

Asabar, 14 ga Oktoba

Baƙi sun zo kallon rumfa, wasu tsofaffi daga Villeurbanne. Ina ƙarƙashin benci ina ɗaure ƙusa, Madam Sofia ta shigo da su. Ta tsaya a bangon dama, wanda ban taɓa ba, ta dafa allo ɗaya ya motsa. Na ce a raina, kash, ta gano sauran kuskuren.

Sai na ji tana cewa da gangan aka yi su haka. Wai katako ko ya shekara ɗari yana shan laima ya kumbura da hunturu, ya bushe ya tsuke da zafi. Shi ya sa ba a sa wa allo gam, ba a buga masa ƙusa, ana bar masa wurin da zai miƙe. Ta ce in aka matse shi, ranar da ya kumbura ba shi da inda za shi, sai ya dare. Ta ce wannan 'yar tazarar ce ta kawo allunan nan har zuwa yau. Baƙin suna ta "ah bon, ah bon".

Ban fito daga ƙarƙashin bencin ba sai da suka tafi.

A Damagaram katako abu ɗaya ya sani: bushewa. Ka matse shi yau, baɗi ka ga ya saki. Damina wata uku ce, in ƙofa ta cije sai a daure, ta saki da kanta. Wa ya taɓa ce mini a bar wa katako wuri?

A mota Alhaji ya ce, "Ilyas, yau ka haɗiye harshenka ne?" Na ce bayana ke ciwo.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ba mutumin ne ya yi sakaci ba.

Talata, 17 ga Oktoba

Na tafi da niyyar cire su kafin kowa ya sani. Barni ya kai kashi huɗu, ya haɗe sandunan da allunan kamar gilashi. In na sa wuƙa, makaho ma zai gani. Na tsaya da wuƙar a hannu har Madam Sofia ta shigo ta ce, "Malam Ilya, ka ga yadda ya yi kyau?" Na ce ya yi kyau ƙwarai.

Da na faɗa a lokacin. Kalma nawa ce? Amma sai na hango fuskokinsu, waɗanda aka kira su zo su ga ƙafar bencina. Za su ce a ransu, to, me aka zata daga mutumin da ƙasarsu ko jirgin fasinja babu. Ba za su faɗa ba, mutanen kirki ne. Wannan ya fi ciwo.

In suka ce in daina zuwa, me ya rage mini? Ɗaki uku a hawa na shida, da kujerar Mero.

Wataƙila hunturun bana ya zo da sauƙi.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ruwa kwana goma sha ɗaya ba ƙaƙƙautawa.

Yau bayan la'asar na kama kaina ina roƙon Allah ya ɗauke ruwa. Ni! Ni da na bi Baba filin idi ina ɗan shekara tara, an juya riguna, manya suna kuka ana roƙon ko da yayyafi. Na shafa addu'ar da sauri kamar wani zai ji. Ban san ko irin wannan roƙon ana rubuta wa mutum zunubi ba.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Na uku daga ƙofa ya yi ciki. Ido ba ya gani tukuna, tafin hannu ne ke ji. Sau shida na wuce ina shafa shi kamar mai duba zazzaɓin yaro.

Akwai injin shanye laima a rumfar, Alhaji ke kunna shi ya zubar da ruwansa. Na ce masa ko za a ƙara masa ƙarfi? Ya ce shekara tara yana kula da injin nan, ba wanda ya taɓa koya masa. Da dariya ya faɗa. Ya ba ni dabino biyu daga aljihunsa, kullum yana da su.

Asabar, 9 ga Disamba

Ya dare.

Muka buɗe rumfa da safe muka tarar da shi, na uku daga ƙofa, tsaga daga sama har ƙasa, yatsa ƙarami yana shiga. Madam Sofia ta daɗe a tsaye a gabansa. Sannan ta ce, "Yaƙin duniya biyu ya wuce ta kansa bai tsage ba." Na ga ta share ido da bayan hannu.

Aka shiga neman dalili. Wani ya tuna cewa ranar Talata ya ga ƙaramar ƙofar baya a buɗe. Wani ya ce tulun injin ya cika ya tsaya. Duk ido ya koma kan Alhaji. Ba wanda ya zarge shi da baki. Shi da kansa ya ce, "Na rufe. Ina jin na rufe." Ya sake cewa, a hankali, "Ina jin."

Ni ina nan tsaye, hannuna cikin aljihu.

Talata, 12 ga Disamba

A hanya Alhaji ya kashe rediyo ya ce mini wata biyu ke nan yana ajiye abu ya manta. Makon jiya ya bar tukunya a kan wuta. Babansa haka ya fara, a ƙarshe har 'ya'yansa bai sani ba. Ya ce, "Ilyas, kai ba ka ƙarya. Ka ga na canja?"

Na ce kowa yana mantuwa, Alhaji.

Gaskiya ce ai. Kowa yana mantuwa. Haka na yi ta faɗa wa kaina har muka isa.

Laraba, 27 ga Disamba, Bobigny

Kwana huɗu ke nan a gidan Nour. Jirgin da ya kawo ni daga Lyon awa biyu ya yi, ba ƙara, ba girgiza, ko'ina roba. Na yi barci a ciki.

Jiya ta ja ni cikin Paris wai in sha iska. Ita tana nuna mini fitilu, ni ina duba ƙofofi. Duk tsohuwar ƙofar da muka wuce sai na dafa allonta. Duk suna motsi. Gari guda ya san abin nan, ni kaɗai ne ban sani ba. Har ta ce, "Baba, za a zata ɓarawo ne kai."

Yau da rana, mijinta Mika'il ya fita, ta zauna kusa da ni ta ce na rame. Na ce lafiyata lau. Ta ce, "Kullum lafiya lau. Lokacin Mama ma lafiya lau ka yi ta ce mini, wata huɗu, sai da likita ya kira ni da kansa. Kwana biyu na samu da ita, Baba. *Deux jours.*"

Na ce ba mu so mu ɗaga mata hankali ne, tana tsakiyar jarrabawa. Ta ce, "Na sani. Kai a wurinka shiru alheri ne." Ta tashi ta shiga kicin, na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Ba mu taɓa yin maganar nan ba sai yau. Ni na zata ta wuce.

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Biyu sun ƙara darewa, na biyar da na shida. Madam Sofia ta ce abin da ke ɗaure mata kai shi ne duk a hagu. Ta ce wataƙila don ɓangaren ne ke fuskantar ƙofar baya. Ta ce kada kowa ya taɓa su sai wani masani ya zo daga Paris a watan Maris.

Da za mu tashi Alhaji ya ciro mabuɗin rumfa daga zoben makullansa. Ya daɗe yana fama da zoben, farcensa ya ƙi. Ya ajiye a kan teburi ya ce shi ya gama, ba zai zama sanadin lalacewar 27 ba. Aka yi ta ba shi haƙuri. Ya ce ɗansa Rayan ma ya ce ya daina tuƙi har sai an duba kansa a asibiti.

Madam Sofia ta duba mu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini mabuɗin. Ta ce ni na fi kowa kula.

Na karɓa. Allah ya gani, na karɓa.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Yanzu kar biyu, wato motar bas, nake shiga kafin in isa rumfa, sannan in taka minti ashirin.

Bayan Juma'a na sauka unguwar Guillotière sayen garin gero, sai ga Alhaji a bakin shagon nama. Ya tsufa cikin mako uku. Ya ciro wata takarda daga aljihu yana karantawa, maiɗakinsa ce ta rubuta masa abin da zai sayo, da lambar gidansu a ƙasa. Lambar gidan da ya shekara talatin a ciki! Ya ga na gani, ya yi murmushi ya ce, "Don ko da." Ya tambaye ni 27. Ya ce ranar 26 ga wata za a sa kansa cikin na'ura.

Ya laluba aljihu zai ba ni dabino, babu. Ya ce ka gani, har wannan na manta.

Na dawo gida ban sayi geron ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Baba ya ce a rufa wa ɗan'uwa asiri. Bai taɓa cewa a rufa nawa da rigar wani ba. Wannan ni na ƙara.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Ban je rumfa ba. Na je gidan Alhaji da hantsi.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Maiɗakinsa ta kawo shayi. Na tambayi Rayan, na tambayi jikoki, na tambayi har makwabcinsa da ban sani ba. Da na ga gaisuwa ta ƙare mini sai na faɗa. Ban iya tsara ta ba, daga tsakiya na fara: gam, siraran katako, ranar Talatar da yana waje. Na ce ko an rufe ƙofa ko ba a rufe ba, allunan nan sai sun dare. Na ce na sani tun Oktoba.

Ya ce, "Tun Oktoba."

Na ce e.

Ya ce, "Ranar da na tambaye ka a mota, ka sani?"

Na ce na sani.

Na zaci zai yi faɗa, da ya fi mini sauƙi. Ya juya kofinsa a kan faranti ya ce wata biyu ke nan duk safiya yana lissafa sunayen jikokinsa kafin ya tashi daga gado, don ya ga ko wani ya ɓace. Ya ce ya riga ya nuna wa maiɗakinsa inda takardun gida suke. Sannan ya ce, "Sha shayinka, Ilyas." Na shanye. Ya raka ni bakin ƙofa saboda shi mutum ne mai tarbiyya, amma bai ba ni hannu ba.

Talata, 20 ga Fabrairu

Na faɗa wa Madam Sofia a gaban kowa, don a gaban kowa aka dubi Alhaji. Na ajiye mabuɗin a inda ya ajiye shi.

Ta ɗauki wuƙa ta ɓamɓare sanda ɗaya, barni yana fashewa. Ta ga aikina. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Abin haushin, an yi shi da kyau." Ba wanda ya yi dariya.

Ta tambaye ni don me ban tambaya ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata zancen rufin asiri, Faransancina ya ƙi ɗauka. Na ce ban so a ga laifin mutumin ba. Ta ce, "Wane mutum?" Na ce wanda ya yi taragon. Ta zauna a kan benci ta dafe goshi.

Ta ce kuskuren Satumba kowa yana iya yi. Na Disamba ne ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Za su zauna su yi shawara. Kafin nan, biyar ɗin da suka rage suna cikin haɗari, kuma ni kaɗai na san inda na cusa kowane abu. In cire su. Amma ba zan sake zama ni kaɗai a cikin tarago ba.

Shekara sittin da ɗaya, an sa mini mai gadi. Daidai ne.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi shida. Tururi, auduga, da wata 'yar wuƙa kamar ta wanzami. Abin da na yi a wuni ɗaya, mako na huɗu ke nan ina warwarewa. Gam ɗin ya kama da gaske, ni na san abin da na saya.

Yau na farko ya saki. Na dafa shi ya motsa, ya yi 'yar ƙarar nan. Na sake dafa shi don in ƙara ji.

A bayansa akwai rubutu da fensir: wasu haruffa biyu da kwanan wata, da ɗan layi da ya ja yana nuna iyakar inda allon zai kai in ya kumbura. Ya auna tazarar. Ya san abin da yake yi sarai, ni ne na zo bayan shekara ɗari ina tausayinsa.

An ce sakamakon Alhaji ya fito, ba su ga wani abin tsoro ba, gajiya ce da shekaru. Ba daga bakinsa na ji ba. A masallaci yanzu sahu biyu yake bari tsakaninmu.

Asabar, 13 ga Afrilu

Na kira shi ranar Salla. Ya amsa, "Barka da Salla, Allah ya maimaita," ya ce yana da baƙi.

Sun yanke shawara: ina iya ci gaba da zuwa. Mabuɗin Alhaji kuwa Madam Sofia ta bar shi a kan teburi har sai mai shi ya zo ya ɗauka, in zai zo.

Masanin Paris ya ce ba za a sake allunan uku ba, za a ɗinke tsagar a bar tabon ana gani. A wurinsu ba a ɓoye gyara. Kowane tarago yana da babban littafi da ake rubuta duk abin da aka taɓa yi masa, da wanda ya yi. Madam Sofia ta rubuta shafin, ta juyo mini da shi in karanta. Komai yana ciki: ranar, irin gam ɗin, alluna takwas, uku sun tsage. Ba zagi, ba sassauci. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya, cewa ƙofar baya da injin laima ba su da hannu.

Na sa hannu. Duk wanda ya buɗe taragon nan bayan shekara ɗari zai ga sunana da na Baba a wurin. Ba haka na so a san mu ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

27 ya hau dogo. Kilomita goma sha ɗaya zuwa, goma sha ɗaya dawowa, hayaƙi yana shigowa ta taga, yara suna ihu. An ba ni wuri a hagu, ban san ko da gangan ba. Tabon na uku yana daidai kafaɗata.

Alhaji ya zo, da motarsa, shi ya tuƙo. Ya zaga ya gaisa da kowa, ni ya ɗaga mini kai. Da jirgi ya tashi ya shigo ya zauna benci biyu gaba da ni, ya ba ni baya. Allunan suna ta ƙara tun daga tasha, takwas ɗin duka. Sau biyu hannuna ya tashi zai danne na kusa da ni, na mayar da shi kan gwiwa. A hanyar dawowa, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Suna da surutu." Na ce haka aka yi su, Alhaji. Da aka watse bai ce in shiga motarsa ba, na bi kar biyu na dawo. Amma na ga mabuɗin ba ya kan teburi.

Ba wani abu kuma. Sai dai Nour ta kira bayan la'asar, a gurguje kamar kullum, ina jin ƙarar mota a bayanta. Ta ce, "Baba, ina wuni, ina gajiya?" Na buɗe baki zan ce babu, sai na ji na ce akwai.

Na ji ta shiga wani wuri, ƙarar motocin ta ɗauke. Ta ce, "Ina jin ka."

Ban san me ya same ni ba, tsufa ne wataƙila. Na fara daga allunan, ban san yadda aka yi muka kai kan watanni huɗun nan na uwarta ba. Shayina ya huce a kan teburi. Sai da aka kira magariba na ce mata zan yi salla, ta ce in na idar in sake kira.

Na sake kira.